Zuwa ga Baba Isyaku, Kan Layin da Aka Tambaye Ni Sunan Uba

Abbasiya, Alƙahira.

Zuwa ga Baba, Malam Isyaku malamin asibiti,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa tare da ladabi da biyayya, kamar yadda ka koya mini in buɗe kowace takarda tun ina aji huɗu, ina roƙon Allah Ya sa kana cikin rahama da yalwar makwanci. Idan ka tambayi jikina, lafiya ƙalau yake. Abin da ya rage bayan jikin shi ne dalilin wannan wasiƙa.

Shekara biyu ke nan da rasuwarka, ban taɓa zama na rubuta maka komai ba. Na kuma san da kana raye ba za ka so a baje maganar gida a inda kowa zai karanta ba. Na yi shiru kwana ashirin da shida. A cikin kwanakin nan maganar ta fita ba ta bakina ba, ta zaga ɗakunan ɗalibanmu daga Abbasiya har Hay el-Sabi', ta dawo mini da wata kama dabam. Ana cewa an kama Nuhu da takardun jabu. Tunda sunanka yana manne da nawa, duk wanda ya faɗi haka ya haɗa da kai, ko bai yi nufi ba. Shi ya sa zan gaya maka abin da ya faru daki-daki. Wanda ya leƙa ya karanta, ya ji daga tushe.

Ka rasu ina shekarar ƙarshe a karatun haɗa magunguna. Na gama, na yi horon aiki a nan Alƙahira, na ci jarrabawar ƙwarewa da ta harshe. A bana wani asibiti a wata ƙasa ta Turai ya gwada ni sau biyu, ya ɗauke ni aiki, ya aiko da takardar ɗaukar nauyi. Ba zan ambaci ƙasar ba, domin maganata tana gabansu. Da wannan takarda na nemi bizar ƙwararrun ma'aikata.

Ran wata Lahadi na je karɓar fasfona. A cikin ambulan na tarar da shi babu tambari, tare da wasiƙa mai shafi biyu. A tsaye na karanta ta, a bakin titi, motoci suna ta yi mini oda ban ji ba. Ba su ce ilimina bai kai ba. Ba su ce takardar asibitin tana da aibi ba. Sun ce na ba da bayanin ƙarya, saboda haka an hana ni wannan bizar, kuma ana iya rufe mini ƙofar ƙasar har shekara goma. A can ƙasa aka rubuta cewa ina da kwana ashirin da takwas in ɗaukaka ƙara.

Ga hujjarsu. A 2011, lokacin da gari ya rikice aka dakatar da karatu, na nemi bizar ziyara zuwa wannan ƙasar domin wani gajeren kwas. An ba ni, amma ban je ba, saboda an buɗe makaranta kafin ranar tafiya. A fom ɗin wancan lokaci, inda aka ce sunan uba na sa Isyaku, inda aka ce sunan uwa na sa Rakiya. Ban ko tsaya tunani ba. A fom ɗin bana, a waɗannan layuka biyu, na sa Haruna da Hajara. Jami'in ya ɗora wannan a kan wancan, ya ga mutum ɗaya da iyaye huɗu. Ban ga laifinsa ba. Da ni ne a kujerarsa, abin da zan gani ke nan.

Kai ka san abin da bai sani ba. Ni ne ɗan fari a ɗakin Inna Hajara, matar ƙanenka Baffa Haruna. Ranar da aka yaye ni aka goyo ni daga ƙauye zuwa Birnin Kudu, aka sauke ni a ɗakin matarka, Umma Rakiya. Ku Allah bai ba ku haihuwa ba, su kuma kunyar ɗan fari ba za ta bar su su rene ni a idon mutane ba. Ba a rubuta takarda ba, ba a je gaban alƙali ba. Babban wa ya ɗauki ɗan ƙanensa, magana ta ƙare.

Babu ranar da aka zaunar da ni aka gaya mini. Babu kuma ranar da zan ce ban sani ba. Na tashi ina ce wa wanda ya haife ni Baffa, ina gaishe shi a tsugune, yana amsawa yana kallon wani wajen. Da na ci jarrabawar gama sakandare ya zo takanas daga ƙauye, ya wuce ni a zaure, ya zauna a gabanka ya ce, “Malam, ɗanka ya yi ƙoƙari.” Ka ce masa, “Allah Ya sa albarka.” Iyakar abin da kuka taɓa faɗa a kaina a gabana ke nan.

Inna kuwa ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Idan ta zo gidanmu da ƙullin daddawa da kuka, sai ta ce da Umma, “Ina ɗan Malam?” Idan na shigo ta kawar da kai, ta turo mini ƙwaryar fura da gefen hannu kamar ba ita ta dama ba. Amma furar kullum ta fi ta kowa nono. Yau shekarata ashirin da tara, ɗan Malam nake a wurinta har a waya.

Ina tuna ranar da ka kai ni firamare a kan kekenka. Hedimasta ya sa na ɗora hannu ta bisa kaina in taɓo kunne, ya ga ya kai, ya buɗe rajista ya tambaye ka ɗan waye. Ka ce, “Nawa ne.” Ya rubuta Nuhu Isyaku. Daga wannan layin sunan ya biyo ni, ya hau takardar firamare, ya hau ta sakandare, ya hau fasfo, ya ƙetare har Masar ya hau takardar digiri.

Ina tuna asibitinka na sha-ka-tafi, da bencin da nake zama idan an tashi makaranta. Kana zuba magani daga babbar kwalba zuwa ƙanana, ba ka taɓa rufe ɗaya ba sai ka manna mata takarda ka rubuta abin da ke ciki, ko da majinyata sun yi layi har gindin darbejiya, ko da ruwan gishiri ne kawai. Wata rana na ce maka ai ka san su da ido, me ya sa kake wahalar da kanka. Ba ka ɗago ba ka ce, “Ni na sani. Wanda zai zo bayana fa?” Ina jin a kan bencin nan na zaɓi sana'ata, ko da yake ban gaya maka ba.

Asibitin da ya ɗauke ni ya nemi shaidar haihuwa ta asali. Ban taɓa ganin tawa ba. Na kira Bilkisu, autar Inna, wadda akwatinka na ƙarfe yake hannunta tun da aka rufe gidan, na ce ta duba. A can ƙasa, ƙarƙashin takardun aikinka, ta sami wani kati da ya koma ruwan ƙasa. Ta fitar mini da takardar haihuwa ta hukuma da shi, ta haɗa su biyun ta ba wani ɗalibi da ke dawowa daga hutu. Rubutunka ne, Baba. Na gane shi tun kafin in karanta, daga yadda kake jan wutsiyar harafin ƙarshe. Suna, Nuhu. Uba, Haruna. Uwa, Hajara. Ka sa hannu, ka buga hatimin asibiti.

Kwana uku fom ɗin bizar yana buɗe a gabana. A ƙarshensa akwai inda mutum zai shaida cewa duk abin da ya rubuta gaskiya ne iyakar saninsa. Na ce tunda kai da hannunka ka rubuta Haruna, ni wane ne da zan rubuta wani abu dabam. Na bi katin. Abin da ban yi ba shi ne tuna fom ɗin shekara uku da suka wuce. Na manta da shi sarai, domin ranar da na cike shi ban ji na faɗi wani abin da ya cancanci tunawa ba. Akwai kuma wani fili na ƙarin bayani. Na gan shi, na bar shi fari, saboda a tarbiyyar da na samu riƙo ba abin da ake yi wa baƙo sharhi ba ne. Wannan kuskurena ne, ba na kowa ba.

Tun daga ranar nan ta Lahadi zama ya gagare ni. Ina fita bayan sallar asuba in kama tafiya a ƙasa, daga Abbasiya har Hay el-Sabi', in juyo ban shiga gidan kowa ba. Sau biyu ina sayen ful, dafaffen waken Masar, in bar shi a kan teburin mai sayarwa. Na buɗe littafi, na yi awa guda a shafi ɗaya. Mai gadin ƙofar gidanmu, Bamisire ne dattijo, ya tare ni a matakala ya tambaya ko rasuwa aka yi mini. Na ce masa a'a, sannan na yi ta tunanin ko amsar daidai ce.

Mustafa, mutumin Damagaram da muke ɗaki ɗaya, ya ce idan na ci gaba da kai-komo tsakanin taga da ƙofa zai sa a ɗaura mini mitar tasi. Shi ne kuma ya kawo mini abin da ake faɗa a gidan cin abincin da 'yan gida suke taruwa. Ya ce, “Malam Shiru, mutane sun ga ba ka amfani da bakinka, sun ara maka nasu.” Wasu da na yi shekara biyar ina salla kafaɗa da kafaɗa da su yanzu gaisuwarsu ta gajarta. Wani ma ya ja ni gefe ya tambaye ni, cikin tausayi, wa ya buga mini takardun, don a gargaɗi sauran. Wannan tausayin ya fi zagi zafi.

Mustafan ne ya kai ni wurin Ustaza Nafisa a Ma'adi. Lauya ce 'yar Sudan, kakanninta Hausawa ne da suka yada zango a can a hanyar hajji ba su ƙarasa komawa ba. Hausarta irin ta tsofaffi ce, gauraye da Larabci. Zuwa wurinta ma aiki ne yanzu. Tun da aka rufe tashar jirgin ƙasa ta tsakiyar gari, sai ka sauka a Ataba, ka koma baya zuwa Shuhada, sannan ka kama layin Ma'adi. Sau shida na yi wannan zagayen, kullum a tsaye, ko da akwai kujera.

Ban gama bayani ba ta ɗaga hannu. Ta ce, “Halas, ya Nuhu, na gane. Ni ma gwaggota ce ta riƙe ni. Amma wanda zai karanta fayil ɗinka bai taɓa jin an ɗauki yaro an miƙa wa ɗan'uwa babu takarda ba.” Ta ce ƙarar tana bukatar abu biyu. Na farko, bayani daga gare ni da sa hannuna, wanda zai faɗi ƙarara cewa kai ba ubana ba ne, wan ubana ne da ya riƙe ni. Na biyu, rantsuwar kotu daga wadda ta haife ni, tunda a cikin ku huɗu ita kaɗai ta rage. Umma ta riga ka, Baffa Haruna ya bi bayanka da 'yan watanni.

Na farkon na ɗauka mai sauƙi ne. Na rubuta shafi uku a kan al'adar riƙo da kunyar ɗan fari, na tsara shi kamar takardar jami'a. Ta karanta, ta zare tabarau ta ce, “Wannan lacca ce. Ina jumlar?” Na koma na rage shi zuwa shafi ɗaya. Ta ce har yanzu ina kewaye-kewaye kamar mai neman ƙofar gidan surukai. “Jumla ɗaya ce, ya ɗan'uwa. Isyaku ba ubana ba ne. Rubuta, yalla, kwanaki suna tafiya.”

Hannuna lafiya yake, Baba. Hukuncin addini ma ban jahilce shi ba, na zauna a gaban malaman da suka karantar da cewa ana danganta mutum ga wanda ya haife shi. Amma duk lokacin da na zo kan jumlar sai in gan ka a filin jirgi na Kano, ranar da ka rako ni, da farar rigarka ta Juma'a. Ma'aikaci ya ce masu rakiya su tsaya nan. Ka ce masa, “Ɗana ne, Masar za shi,” kamar wannan hujja ce da za ta sa a buɗe maka ƙofa. Ka faɗi maganar nan a gaban hedimasta, ka faɗe ta a gaban ma'aikacin, ka rubuta ta a saman kowace wasiƙar da ka aiko mini tare da yaji da kilishi. Ka hana a gaya mini ciwonka ya yi tsanani don kada jarrabawata ta lalace, har aka binne ka ba na nan. Ni kuma in jira sai ka kwanta dama, in sa hannu a kan akasin abin da ka faɗa, domin a ba ni aiki.

Na biyun ya fi nauyi. Na kira Bilkisu na yi mata bayani. Ta ce, “Yaya, ka san abin da kake nema kuwa? Inna ta tsaya a gaban maza a kotu ta ce ita ta haife ka?” Na ce na sani. Na roƙe ta ta gaya mata maganar aiki ce kawai, kada ta ambaci sauran. Bilkisu ta sami Inna tana tankaɗe ta faɗa mata. Inna ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Ta gama tankaɗenta, ta kakkaɓe rariya, ta tambaya ko an ba awaki ruwa. Kwana tara ana haka. Kowace safiya in kira Bilkisu, kowace safiya ta ce, “Har yanzu awaki muke ba ruwa.”

Ban kira Inna da kaina ba. Ban san da wane baki zan roƙi mace ta sauke abin da ta ɗauka kusan shekara talatin ba, abin da a wurinta shi ne mutunci, shi ne kuma hanyar da ta cika alkawarin da ta yi muku kai da Umma.

A kwana na ashirin na yanke shawarar haƙura. Na je na gaya wa Ustaza Nafisa cewa ƙasar Allah tana da faɗi, zan tattara in koma gida in nemi aiki. Ta dube ni ta ce, “Ma'alish, ba komai. Aikin naka ne, ka bar shi idan ka so. Amma wanda bai ɗaukaka ƙara ba ya amsa laifi. Za a rufe fayil ɗin da kalmar nan a ciki, kuma sunan da ke bangonsa Nuhu Isyaku ne.” Na sauko daga ofishinta na wuce tasha ban lura ba, sai ganina na yi a bakin kogin Nilu. Na daɗe a tsaye a can. Kowace hanya na bi sai na taɓa ka. Idan na rubuta, na cire ka. Idan na ƙi, na bar sunanka kwance a ƙarƙashin kalmar ƙarya, a cikin wata ma'ajiya da ba zan iya shiga in goge ba.

Shekaranjiya da hantsi Bilkisu ta kira. Ashe ta gaji, ta karya alkawarin da ta yi mini, ta gaya wa Inna cewa ba maganar aiki kaɗai ba ce, maƙaryaci aka kira ni a rubuce. Ta ce Inna ta ajiye muciya ta ce, “Wanda Malam ya rena?” Da gari ya waye Bilkisu ta iske ta ta yi wanka, ta yafa mayafin da take zuwa suna da shi, tana zaune a bakin gado da katin zaɓenta a hannu. Abin da ta ce kawai shi ne, “Motar Birnin Kudu ba ta jira.”

Zan ba ka labarin kotun yadda Bilkisu ta ba ni, ban ƙara ba ban rage ba. Rajistara ya tambayi Inna sunanta, ta faɗa. Ya tambayi sunan mijinta marigayi, ta dubi Bilkisu, Bilkisu ta faɗa, ya bari ya wuce. Da aka zo kan sunan ɗan, Bilkisu ta sake buɗe baki, ya dakatar da ita. Ya ce, “A'a. Wannan mai rantsuwa ce za ta faɗa da bakinta. Iya, wa kika haifa?” Inna ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Wanda ke bayansu a layi ya fara tsaki. Rajistaran, Allah Ya saka masa da alheri, bai hanzarta ta ba. Ya ajiye biro ya ce, “Na san da nauyi. Tawa tsohuwar ma haka take, har yau babban yayanmu ‘wancan’ ne. Sau ɗaya ne, Iya.”

Sai ta ce, idonta a ƙasa, “Nuhu. Ni na haife shi, ran Talata, da damina. Amma ɗan Malam Isyaku ne.”

Rajistara ya ce a takarda sai dai a rubuta cewa Haruna ne uba, Malam Isyaku riƙonsa ya yi. Ta ce, “Rubuta yadda za su gane. Mu nan mun riga mun gane.” Ta dangwala yatsa, ta goge tawadar da bakin zanenta, ta ce da Bilkisu su tsaya kasuwa akwai gishirin da za ta saya.

Na sa Bilkisu ta maimaita mini sau uku. Na tambaye ta yadda Inna ta furta sunan, ko ta ja shi ko ta datse, ko muryarta ta yi rawa. Ta ce, “Haba Yaya, ɗan guntun suna ne, yaya kake so ta faɗe shi? Ta faɗa dai, ni ma sai da na waiwaya in ga ko wata ce.”

Da la'asar na kira in yi godiya. Na tsara kalmomin tun a hanya, na auna kowace ɗaya. Inna ta karɓi wayar ta ce, “Ɗan Malam, ya sanyin Masar?” Na ce da sauƙi. Ta ce a riƙa sa rigar sanyi, a daina yawo da ciki babu komai. Ta miƙa wa Bilkisu wayar. Ban yi godiyar ba, ita ma ba ta bar mini gurbin yin ta ba. Na san da wuya in ji sunan nan daga bakinta a rayuwata. Ta faɗe shi sau ɗaya, a inda ake bukatarsa, ni kuma ba na wurin.

Bayan na ajiye wayar na ɗauko katinka na shimfiɗa shi a kan tebur. Tun da ya iso hannuna nake tambayar kaina me ya sa ka rubuta shi haka. Hatimi a hannunka yake, rajistar asibiti a hannunka take, ƙanenka ba zai taɓa musa maka ba. Da ka so da ka sa sunanka, babu mai tambaya har duniya ta naɗe. Ba ka yi ba. Ka rubuta abin da yake, ka ajiye shi a inda ba zai jiƙe ba, sannan ka fita ka ce wa kowa naka ne. Ba ka ga saɓani a tsakanin biyun ba. Ni ne, da digirina, na kwana ashirin da wani abu ina ganinsa.

Na rubuta, Baba. Idan Inna ta iya faɗin suna ɗaya, ba ni da hujjar ƙin rubuta jumla ɗaya. Na rubuta ta yadda Ustaza ta faɗe ta, ban lanƙwasa ba. Na bi ta da cewa kai wan Haruna ne, ka riƙe ni daga yaye har ka rasu bisa al'adar mutanenmu, kuma da sunanka aka sa ni makaranta. Na ce a 2011 na ba da sunan waɗanda suka rene ni, a bana na ba da na waɗanda suka haife ni, kuma laifina shi ne ban yi bayani ba a duka biyun. Bai cika shafi guda ba. Ustaza Nafisa ta karanta ta ce, “Tamam. Da ka yi haka tun farko da ba ka ƙarar da takalminka ba.” A ƙasan takardar akwai inda aka ce mai bayani ya rubuta cikakken sunansa ya sa hannu. Na rubuta Nuhu Isyaku, domin ba ni da wani.

Gobe da safe zan kai fayil ɗin, saura kwana ɗaya wa'adin ya cika. A ciki akwai bayanina, da rantsuwar Inna mai tambarin yatsanta, da hoton katinka. Asalin katin ban ba da shi ba, yana nan a ɗakina. Duk wanda aka gaya wa cewa takarduna na jabu ne, ƙofa a buɗe take, ya zo ya ga rubutun malamin asibiti da idonsa. Mustafa ya ce shi zai dafa shayin.

Ban san abin da za su yanke ba. An ce amsar tana iya ɗaukar watanni, asibitin kuma bai yi alkawarin jira har abada ba. Ba zan ɓoye maka ba, har yanzu ƙafata ba ta zauna ba, wannan wasiƙar ma rabinta a tsaye na rubuta ta a bakin taga. Ina son aikin. Amma idan sun hana, ina so su hana ni a kan wani dalili, ba a kan cewa yaron da ka rena ya yi ƙarya ba.

Ka yafe mini jumlar nan. Saboda wanda bai san mu ba na rubuta ta. Ka yafe mini kuma abubuwan da ban faɗa maka ba kana raye, don na ɗauka akwai lokaci, don kuma a gidanmu ba a faɗin irinsu. Ina kewar ƙarar kekenka a zaure. Ina kewar yadda kake gyaran murya kafin ka ce in zo in ci abinci. Har yau idan na manna takarda a jikin kwalba sai in ga wutsiyar harafina na ƙarshe ta yi irin taka.

Allah Ya jiƙan ka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa abin da ka shayar da marasa lafiya ya zama sanyi a gare ka. Allah Ya jiƙan Umma da ta goya, Ya jiƙan Baffa da ya bayar bai waiwaya ba. Allah Ya ƙara wa Inna lafiya da nisan kwana, Ya saka mata da abin da bakina ya kasa. Allah Ya wanke sunan da ka ba ni, Ya tara mu a inda ba a tambayar kowa takarda. Amin.

Wassalam.

Ni ne ɗanka,
Nuhu Isyaku